Miyar Amare

Shekaranjiya yaran maƙwabta suna share ciyawar da damina ta tayar a gindin katanga, sai na hango sun tuge wani ɗan yaɗo sun jefa a juji. Na ce su miƙo mini. Na murtsuke ganyen a tafin hannu na kai hanci, sai ga warin nan mai kaifi da ba ya kama da na kowane ganye. Garafuni ne. Yaran suka tsaya suna kallon tsohuwa tana shinshinar ciyawa tana dariya ita kaɗai. Ni kuwa na riga na koma Jambutu, unguwarmu ta Garwa, ina 'yar yarinya mai kitso biyu da bakin da ba ya mutuwa.

Ka gyara zama, mai karatu, labarin miya zan ba ka. Kada ka raina, don a gidanmu saura kaɗan miya ta raba mu da kakarmu.

Lokacin shugaban ƙasa na farko ne ke kan mulki, kuma da yake ɗan garinmu ne, kowane mutumin Garwa tafiya yake yi kamar tare suka ci tuwo jiya. Zafin garin kuwa ba ya ragawa kowa. Da bazara ƙasa takan ƙona tafin ƙafa tun kafin azahar, mu ruga daga inuwar wannan darbejiya zuwa ta gaba har mu isa gida. Da damina kogin Binuwai ya cika ya batse, mu je gada kallon dorina, Inna ta ji labari ta ba mu kashi. Baba direban babbar motar auduga ne, rabin rayuwarsa a hanya take. Mu uku ne a gidan: Yaya, da ni, da Auta.

Da kakanmu ya rasu a Kolofata, can arewa, Baba ya je ya ɗauko mahaifiyarsa. Ta iso a gaban motar, ta rungume baƙar tukunyar ƙasa a cinya, da adudun kayanta a baya, da wani ƙullin daddawar batso wanda warinsa ya riga ta yin sallama. Siririyar mace ce, doguwa, mai tsage a kumatu, kuma ba a taɓa cin ta a gardama ba. Mu dai daga ranar farko muka liƙe mata. Ita ke yi mana tatsuniya, ita ke shiga tsakani in Inna ta ɗauko tsumagiya. Auta kuwa angonta ne, haka take kiransa, shi ma da gaske ya ɗauki auren, ba ya barin kowa ya zauna kusa da ita.

Sai dai Garwa ba ta karɓe ta ba. Hausa da Barbarci take ji, unguwa kuwa Fillanci ake yi daga safe har dare. Matan maƙwabta su shigo su ce mata "Jam na?", ta ce "Lafiya lau", shi ke nan hira ta mutu, a zauna ana murmushi har su tashi. Ga Inna, saboda tsabar kunyar suruka, ba ta barin ta taɓa komai. Kaka ta ɗauki tsintsiya, Inna ta karɓe. Ta nufi turmi, Inna ta riga ta. Matar da ta saba noma masakwa, dawar rani, da hannunta aka zaunar a tabarma ana ta yi mata sannu da hutawa. Ba ta kwance adudun nan ba, yana nan ɗaure a ƙuryar ɗaki, kuma duk lokacin da Baba ya dawo tambayarta ɗaya ce: yaushe motarsa za ta yi arewa? Ni dai ba na son jin wannan tambaya, don na san in ta hau motar nan ba za ta dawo ba.

Ƙawa ɗaya ta yi a duk garin, wata mai sayar da ganye a kasuwa, Kirista daga cikin mutanen dutse, wadda ta iya Hausa irin ta kasuwa. Kaka takan je ta zauna a gefen buhunta su yi ta zagin kuɓewar Garwa da ba ta da yauƙi. Wata rana da damina matar ta zaro wani dami daga ƙarƙashin buhu ta ce ta tsinko mata ne musamman. Kaka ta dawo gida da sauri kamar an biyo ta, ta tsaya a bakin madafa ta ce wa Inna, "Yau kam ki ba ni murhun nan, in ba haka ba in haɗa nawa a ƙofar gida."

Ban taɓa ganin ta da kuzari irin na ranar ba. Ta tsinke ganyen ɗaya bayan ɗaya, ta tafasa shi da ruwan toka, ta tsiyaye, amma sau ɗaya tak, wai mai wanke garafuni sau biyu ya ba wa ƙasa miyarsa. Ta daka gyaɗa, ta dafa wake har ya fashe, ta ɓare busasshen kifi, ta gasa daddawar batso a bakin wuta har kajin gidan suka koma bayan ɗaki. Tana yi tana 'yar waƙa da Barbarci. Inna na gefe tana miƙa mata ludayi, ta rasa inda za ta sa hannunta.

To, ka san mu a lokacin bakinmu na 'yan birni ne. Miyar yakuwa da gyaɗa muke so, ko ja ta tumatirin gwangwani da dunƙule, wadda aka fara yayi a gidajen ma'aikata. In ka ba mu burodi da sukari kuwa, ka saye mu. Aka ajiye mana akushi, tuwo ga shi fari sol, miya kore shar tana ƙyallin mai. Kaka ta zauna a gabanmu ta harɗe ƙafa tana jira. Na gutsuro na kai baki. Wayyo Allah! Ɗacin ya bi harshe ya sauka maƙogwaro, ya dawo ta kunne. Hawaye ya cika mini ido. Na dubi Yaya, na ga shi ma ya daskare da loma a kumatu.

Ni da Yaya muna zuwa ekol, makarantar boko ke nan. A can in aka kama ka kana Hausa ko Fillanci sai a rataya maka ƙashi a wuya ka yini da shi, amma a gida Faransancin nan ya zame mana rumbun asiri, da shi muke gulmar manya a gabansu. Yaya ya haɗiye da ƙyar, ya sunkuyar da kai ya ce mini, "Se amer." Wato akwai ɗaci.

Ashe kunnen Kaka ya fi na kowa. Ta yi zumbur ta ce, "Me ka ce? Sai amare?" Ta tafa hannu ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai ɗan nema! Ashe ka san abinci! Wallahi gaskiyarka, a garinmu wannan miya sai amare." Ta juya wajen Inna tana haske, ta ce ta ji abin da jikanta ya faɗa? Inna ba ta jin Faransanci, amma ta iya karatun fuskar 'ya'yanta. Ta watsa mana wani kallo ta bayan Kaka, irin wanda ke cewa duk wanda ya gyara maganar nan zai gamu da ni. Yaya ya ce, "E, Kaka, sai amare." Muka ci gaba da ci muna hawaye, ita kuwa ta ce barkono ne, gobe za ta rage.

Washegari Kaka ta kwance adudu. Ta fito da zannuwanta ta shanya, ta jera ƙorai a bango, ta nemo irin garafuni ta shuka a gindin zana. Tambayar motar arewa ta ɗauke ɗif. Ni da Yaya muka yi shawara a bayan rumbu, muka ga in dai ɗaci ne kuɗin zaman Kaka, to, mun ɗauka.

Kai, mun sha wuya! Garafunin nan ya samu ƙasar Jambutu ya haukace, ya rufe zana ya haura kan rufin madafa. Da damina ɗanye, da rani busasshe, don ta shanya buhu guda. Sunan miya ya zama miyar amare har a bakin maƙwabta. Muka ƙware a haɗiyar loma ba tare da ta taɓa harshe ba. Yaya yakan cusa miyar a tsakiyar tuwo ya rufe, ya aika da ita ciki kamar ƙwayar magani. Ni kuwa kofin ruwa ne a hannun hagu, loma ɗaya kurɓi ɗaya, in tashi ciki na ƙugi. Auta bai shiga ekol ba, bai san dawan garin ba, shi da zuciya ɗaya yake faɗa. Ya yamutsa fuska, majina na zuba, ya ce, "Sai amale, Kaka." Ta ce, "Ci, angona, ci ka yi ƙarfin noma mini."

Ana nan sai Baffa, ƙanen Baba, ya tashi aure. Yana aiki a asibiti, can ya samo wata malamar jinya 'yar Kudu, wadda ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, Faransanci ne bakinta. Da aka kawo ta, Kaka ta ce ai yanzu miyar ta samu mai ita, babu wanda zai fara ciyar da amarya sai ita. Ni da Yaya muka dubi juna. In amaryar nan ta tofar, ko ta tambayi dalilin sunan, asirinmu ya tonu. Na bi Baffa har zaure ina roƙonsa ya yi mata bayani, ya ce in rabu da shi, kansa ya yi zafi da baƙi.

Aka kai akushi ɗakin amarya, mata sun cika ɗakin, mu muna leƙe ta ƙofa. Ta wanke hannu, ta gutsuri tuwo a hankali ta ɗanɗana. Idanunta suka buɗe, ta dafe ƙirji ta ce da ƙarfi, "Me se amer!" Kaka ta miƙe tsaye ta rangaɗa guɗa. "Kun ji ko? Ga amarya da bakinta ta shaida! Yarinyar da ba ta jin Hausa, miyata ta sa ta yi Hausa!" Ɗaki ya kaure da shewa. Yaya ya fita da gudu ya faɗa bayan ɗaki yana birgima, ni na cusa gefen zane a baki. Abin mamaki kuma, amaryar ta cinye tas ta miƙo akushi a ƙara. Daga baya muka ji ashe a garinsu shuwaka ce babbar miya, ɗacin ya tuna mata da gida ne. Tun daga ranar ita da Kaka suka ƙulle, suna hira da hannu da ludayi.

Da mun tsira ke nan, sai Auta ya isa shiga ekol. Wata rana da azahar ya shigo da gudu, allo na lilo a wuya, ya faɗa jikin Kaka tana tsinkar ganye. Ya ce yau metir, malaminsu, ya kawo sukari da gishiri da ƙwayar kinin ta zazzaɓi, ya sa kowa ya lasa. "Sukari sukre, gishiri sale, kinin kuma amer! Kaka, ashe amer ɗaci ne! Ba amare ba ne, ɗaci ne, irin na miyarki!" Yana faɗa yana murna, yana jira a yaba masa.

Kaka ta dubi Yaya, ta dube ni, muka sunkuyar da kai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mana sauƙi. Ta ajiye faifan ganyen, ta karkaɗe zane ta shiga ɗaki. Jim kaɗan muka ji tana sauke ƙorai daga bango. Inna ta durƙusa a bakin ƙofa tana ba da haƙuri, Kaka ta ci gaba da haɗa kayanta. Auta ya gane abin da ya yi, ya kwanta a kan adudun yana ihu, wai sai dai a ɗaure da shi. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan yammaci ba.

Allah ya sa ranar Baba ya dawo daga hanya. Ya ji labari tun daga zaure, ya shigo ya zauna a ƙofar ɗakinta, ya yi ta ƙoƙarin riƙe dariya har ta ƙwace masa. Ya ce, "Haba Iya, kin manta ne? Ni da kike bi da muciya har gonar masakwa a kan miyar nan? Yanzu fa tun daga Marwa nake taka mota saboda ita."

Can sai muka ji muryarta daga ciki: "Kai sai da gemu ya fito maka ka yi hankali." Ta ɗaga labule ta fito, ido ja, ta tsaya a kanmu ta riƙe ƙugu. Ta ce ita ta dafa, ta san da ɗaci, ta ɗauka dai ta yi sa'ar jikoki masu wayo ne, ashe ɗanyun harsuna ne kamar na ubansu. Sannan ta nuna mu da yatsa ɗaya bayan ɗaya. "Ba inda za ni. Ina nan zaune sai kowannenku ya buɗe baki ya roƙe ni miyar nan, da Hausa, ba da yaren ekol ba. Ranar da na ƙarshenku ya roƙa, washegari in hau mota in koma garinmu da mutuncina."

Daga nan ta daina tilasta mana. Takan dafa tata a baƙar tukunya, ita da Baba da matar Baffa su ci suna santi da gangan, mu kuma Inna ta yi mana ja. Na rantse a raina ba zan taɓa roƙa ba har abada, kuma a lokacin ban ga wahalar cika wannan rantsuwa ba.

Yaya ne ya fara faɗuwa. Ya tafi karatu Yawunde, ya yi ta cin rogo da ayaba har ya rame. Da ya zo hutu, tun bai ajiye jaka ba ya ce, "Kaka, akwai garafuni?" Ta ce ba ta ji ba, kunnenta ya tsufa, ya ƙara faɗa. Sai da ya faɗa har maƙwabta suka ji sannan ta tashi ta hura wuta.

Ni kuwa na daɗe ina taurin kai, har na yi aure. Da na zo goyon ciki na fari, wata safiya na farka ba abin da raina ke so a duniya sai wannan ɗaci. Shinkafa ta zame mini ƙasa, warin tumatir na tayar mini da zuciya. Na yi ta zagaye madafa, daga ƙarshe na haɗiye girman kai na je na roƙa. Ta dafa, na ci har ina lasar akushi. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Wannan ba ke ba ce, na cikin ne ya roƙa. Ba na lissafa ta. Ki haihu tukuna mu ji." Kuma haka aka yi. Sai da na gama wankan jego, bakina ya dawo nawa, na sake zuwa na durƙusa na roƙa, sannan ta ce to, biyu sun shigo hannu, saura angonta.

Auta kuwa ya ƙi. Ya girma, ya zama makanike, ya yi gemu, ya yi aure, yana nan a kan bakansa. Sai dai mun lura in Kaka ta dafa, tukunyar kan ragu ba a san wanda ya taɓa ba. Da ta gane, sai ta riƙa zubawa a kwano ta rufe ta ajiye a kan rumbu, ta ce da ƙarfi wai na kaji ne. Ya dawo daga gareji, ya ɗauka ya juya mana baya ya share, ya zo ya tsaya a gabanta yana yamutsa fuska ya ce, "Kaka, har yanzu ba ki daina dafa kinin ɗin nan ba?" Ta ce, "Za ka roƙa ne, ɗan banza, ina nan." Ya ce, "Sai ki yi ta zama."

Ta yi ta zama kuwa. Ta ga 'ya'yanmu, ta koyi Fillanci har tana faɗa da shi a bakin famfo, aka canja shugaban ƙasa tana nan. Da ƙarfinta ya ƙare, takan zauna a kujera 'yar tsugune tana ba ni umarni ina dafawa, tana cewa na cika ruwa. A Jambutu ta cika, a ɗakinta, cikin tsufa mai kyau, Auta na riƙe da hannunta.

Yanzu ni ce tsohuwar gida. Sukarin da nake mutuwa a kansa da, ko a shayi ba na son ya yi yawa. Miyar ja ta gundure ni, dunƙule kuwa duk miyar da ya shiga sai ta koma ɗanɗano ɗaya da ta maƙwabta. Jikokina taliyar leda suke so, in na dafa tawa su toshe hanci su yi ta ƙus-ƙus da Faransanci, sun manta ni ma na yi ekol. Ba na tilasta musu, harshe yana da lokacinsa, na gani a kaina.

Auta yakan zo mini ranar Juma'a bayan masallaci, kansa fari fat, yana dogara sanda. In zuba masa, ya cinye, ya turo kwano ba tare da ya dube ni ba, in ƙara. Kwanan baya na ce masa, "Kai Auta, don Allah tsufa ya zo, wadda kake yi dominta ta daɗe a ƙasa. Ka faɗa sau ɗaya mana, miyar nan da daɗi ko babu?" Ya suɗe yatsunsa tsaf, ya daɗe yana kallon ƙofa. Sannan ya ce, "Ke dai ba ki da hankali. In faɗa ta tafi?"